Shekarar da Aka Ware wa Babanku Kwano

A bikin Bilki na ji ta da kunnena, ba wani ne ya kawo mini ba. Ina sunkuye ina gyara wa wata jikata ɗankwali, sai wata tsohuwa daga cikin 'yan Kurmin Mashi ta zunguri ta kusa da ita ta ce, "Ga ta can, Rabi, wadda ta raba gida." Na ɗago na dube ta, ta yi wuf ta kau da kai tana lalube a jaka. Ban tanka ba, don ranar farin cikin autata ce, ba zan ɓata ta a kan bakin wata ba. Amma na lura ku ma kun ji, kuma babu wanda ya yi mamaki a cikinku, wato kun daɗe kuna jin maganar kuna haɗiyewa. Wannan ya fi maganar tsohuwar ci mini rai. Shi ya sa na zauna zan faɗa muku yadda aka yi tun ina da sauran numfashi, tunda babanku ya riga mu gidan gaskiya, kuma ko da yana raye ba mai son tone-tone ba ne. Tun yanzu ku sani ba haƙuri na zo bayarwa ba. Ido biyu na yi abin da na yi, da za a mayar da ni waccan shekarar kuma sai na sake.

Gidan Kurmin Mashi gidan gado ne, kowane ɗa da sashensa. Inna, kakarku, tana ɗakin tsakiya. Babba a cikin maza shi ne Yaya Alhaji, wan babanku, mai sayar da kayan gyaran mota, mutum mai kyauta amma wanda bai saba a ce masa a'a ba. Akwai ƙanne biyu a bayan babanku. Al'adar gidan tun zamanin kakanku ita ce, da an idar da sallar magariba maza su hallara a zaure, kowace mace ta aika da kwanonta. Ba kowa ya ci na matarsa ba ne. Za a buɗe kwano ɗaya a tsakiya, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Randa ɗaya ce a lungun zauren, moɗa ɗaya a kanta. A nan ake yanke maganar aure, a nan ake sasanta rigima, a nan ake jin wanda kasuwa ta yi wa daɗi da wanda ta juya wa baya. Mu mata muna daga ciki muna kasa kunne, kowace tana jiran ta ga ko an cinye nata tas. Nawa dai ba ya dawowa da komai, ba yabon kai ba, na iya miyar kuka.

Babanku rewaya ne, wato mai gyaran wayoyin wutar mota, a wani gareji da ke bayan unguwar. Ku da kuka san shi da furfura da yawan shiru, ba za ku yarda ba in na ce muku shi ne mai sa zauren nan dariya. Siriri ne, ga ci kamar me, ga tsokana. Yakan kwaikwayi muryar masu mota in sun zo suna rantsuwa cewa jiya-jiya lafiya lau take, har Yaya Alhaji ya ƙware da tuwo don dariya. Ina jin su daga madafi, ni ma in yi ta murmushi ni kaɗai. Sai ga shi wata rana bas ta ture shi a kan mashin wajen Kawo, kansa ya bugu da kwalta. Ya kwanta asibiti, aka yi ɗinki, ya warke, ya koma aiki, muka yi sadaka muka ce Allah ya tsare. Damina ta wuce, mun ma fara mantawa.

Ranar da abin ya fara, suna tsakiyar cin abinci ne. Na ji wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, sannan na ji kwanuka suna tarwatsewa. Kafin a bar ni in gan shi an riga an yi masa abin da aka iya. Yaya Alhaji ya cusa masa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshensa, har haƙorinsa na gaba ya karye, shi ya sa kuka taso kuka gan shi da giɓinsa. Inna ta turo hayaƙin tsumma. Da ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba, yana ta tambayar me ya sa kowa ya tsaya nesa. Babu wanda ya amsa masa, amma a tsakar gida na ji kishiyoyin sauri, matan 'yan'uwansa, suna raɗa kalmar, farfaɗiya. Washegari da magariba na aika da kwanona kamar kullum, sai aka dawo mini da shi ba a buɗe ba, tare da saƙo cewa daga yau in riƙa zuba na mijina daban a ƙaramin kwano. Aka shimfiɗa masa 'yar tabarma a bakin ƙofar zauren. Aka sayo masa kofi na roba, aka ɗaura masa jan zare a hannu don kada wani ya yi kuskure. Sun yi imani ciwon a yawu yake, wanda ya ci da shi ko ya sha a inda ya sha, ko ya tsallaka kumfar bakinsa, shi ma ya ɗauka.

Ni na raka shi asibiti, don babu wanda ya ce zai je. Likitan wani mai haƙuri ne, ya duba tabon da ke kansa, ya yi tambayoyi, aka ɗauki hoton kai. Da muka koma sai ya tambayi babanku sana'arsa. Da ya ji rewaya ne sai ya gyara zama. Ya ce ƙwaƙwalwa ma da wata irin wuta take aiki, buguwar da ya yi ta bar tabo a ciki, kamar wayar da rigarta ta ɓare, wani lokaci sai ta haɗu da wadda bai kamata ba, jiki ya ɗauki jijjiga, in ta saki ya dawo daidai. Na ga fuskar babanku ta washe, karon farko tun ranar.

"Likita, wato shokin ne ke nan?"

"Kusan haka ne," in ji likitan yana dariya. "Kai ka fi ni sanin wannan."

"Ana ɗauka?" Ni na yi wannan tambayar, ban ma jira an ba ni izini ba.

"Hajiya, ko a kofi ɗaya kuka sha har ƙarshen rayuwarku ba za ki ɗauka ba. In ya faɗi, ki kwantar da shi ta gefe, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa komai a baki. Ya riƙa shan maganinsa kullum, ya kuma haƙura da hawa mashin."

Kalmar nan ta shokin ta Turawa ce, kowa ya sani, tare da wutar lantarki da motoci ta shigo mana ta zauna. In ka taɓa waya ta fizge ka, a ce ta yi shokin ɗinka. In firji ya tsufa yana jan hannu, a ce yana shokin. A gareji akwai ƙarfen da ke shanye girgizar mota in ta faɗa rami, shokazoba suke ce masa, duk tushensu ɗaya. Yanzu ma ina jin jikokina in an ba su labari mai tayar da hankali suna cewa sun yi shok. Bilki, da ta yi karatun Turancinta, ta taɓa gaya mini wai su Turawan Ingila ma aro suka yi a wurin Faransawa, kuma asalinta karon da mayaƙa ke yi ne in runduna biyu suka gwabza. Na ce mata to, wannan ke ta shafa da malamanki. Abin da ni na sani shi ne babanku ya riƙe kalmar nan da hannu biyu. Farfaɗiya suna ne da ke zuwa da kunya da gudun mutane da zancen aljanu. Shokin kuwa abu ne da ya sani, kullum hannunsa a cikinsa yake, ya san ba tsinuwa ba ce, waya ce ta ɓare. A hanyarmu ta dawowa har tsokanata ya yi, ya ce in yi hankali da shi, yanzu shi babbar tiransifoma ce.

Da magaribar ranar na laɓe a bayan ƙofar zaure, ba na jin kunyar faɗa. Daga kan tabarmarsa ya yi musu bayani tiryan-tiryan, yadda likita ya faɗa, da misalin waya da komai. Cike yake da murna, ya ɗauka magana ta ƙare, yanzu za a ce ya matso. Sai na ji Yaya Alhaji ya yi gyaran murya.

"Garba, ka ce shokin ne ko?"

"Shi ne, Yaya."

"To kai da kake aikin wuta, in wuta ta kama mutum, wani ya zo ya taɓa shi, me ke faruwa?"

Ƙannen suka yi dariya, ba don mugunta ba, don maganar ta yi musu daɗi. Babanku ya fara cewa ai misali ne kawai, Yaya Alhaji ya katse shi.

"Likita ba a gidan nan yake kwana ba. Muna da yara. Ka yi haƙuri da abin da Allah ya ɗora maka, ba mu kore ka ba, ga ka ga mu."

Daga ranar na fara rasa mijina ina kallo. Ba ciwon ne ya cinye shi ba, don maganin ya rage yawan faɗuwar. Tabarmar nan ce. Zai je ya zauna, suna ci suna hira, shi yana gefe da ɗan kwanonsa kamar baƙon da ba a gayyata ba. Kwanon ya fara dawowa da rabi, daga baya ya riƙa dawowa yadda na kai shi. Wandunansa suka yi masa yawa. Tsokana ta ɗauke ɗif. In na yi masa magana sai ya dube ni kamar daga nesa. Na je wurin Inna na durƙusa na roƙe ta ta sa baki, tunda ita kaɗai Yaya Alhaji ke jin nauyi. Ba zan yi mata ƙarya ba tana kabari, ta yi kuka. Ta ce, "Rabi, ni na haife shi, kin fi ni jin zafinsa ne? Amma ba shi kaɗai na haifa ba." Na tashi na koma ɗakina. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da babanku ya kira ni, yana kallon ƙasa, ya ce in daina wahalar da kaina da girki, kuma in ina so in koma gidanmu Badarawa da yara ba zai riƙe ni a zuciya ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, daga nan kukan ya koma fushi, fushin kuma bai sauka ba.

Ana haka aka yi wa Yaya Alhaji haihuwa. Ranar suna da safe zaure ya cika, an shimfiɗa tabarmi har waje, abokan kasuwarsa da malamai da maƙwabta. An fito da waina a manyan tire da kunu a bokitai. Babanku yana wurinsa na bakin ƙofa, da wainarsa a ɗan faranti da kofinsa mai jan zare, a gaban duk jama'ar nan. Ina cikin mata muna zuba miya sai na ji ƙarar nan da na riga na sani. Ban san lokacin da na yar da ludayi ba. Ban tsaya neman mayafi ba, da ɗankwalin kaina na keta zauren. Abin da na gani har gobe yana idona. Manyan mutane masu manyan riguna sun watse sun manne da bango, wasu sun fice ba takalmi, an bar shi shi kaɗai yana bugun ƙasa da kai. Yaya Alhaji ne kawai ya matso, da cokali a hannunsa, ya naɗe hannun da gefen rigarsa. Na ture hannun, cokalin ya yi tsalle ya faɗi can. Na durƙusa na juya shi ta gefe, na ɗora kansa a cinyata, na share kumfar bakinsa da tafin hannuna. Ina jin ana salati a bayana, wani yana cewa a janye ta, amma babu wanda ya isa ya matso.

Da jikinsa ya lafa, na ɗaga kai na dube su ɗaya bayan ɗaya. Zuciya ta riga ta ɗebe ni, kuma ban yi ƙoƙarin riƙe ta ba. Na ɗauki kofin nan, da sauran kunun da ya sha ya rage, na kafa kai na shanye. Na ɗauki wainar da ya gatsa na cinye.

"Yaya, kun ce wanda ya taɓa mai shokin shi ma ta kama shi. To ga ni, na taɓa, na sha, na ci. Ku zauna ku jira in faɗi."

"Ke Rabi, kina da hankali kuwa? Fita daga zauren nan!"

"Zan fita. Amma ɗan'uwanku bai ƙoshi ba."

Na miƙa hannun nan da na share masa baki da shi, na sa a cikin babban tiren da ke tsakiyar zaure, na ɗebo waina na ajiye a farantinsa. Wannan shi ne laifin da ake faɗa har yau. Tire guda aka kwasa aka zubar a bola, na ga almubazzarancin da idona kuma ya yi mini ciwo, don da hannuna aka soya ta. Baƙi suka watse ba sallama. Aka ce na tozarta maigidan a ranar sunan ɗansa, na shiga cikin maza kai ba mayafi, na ɗaga murya a gaban malamai. Duk an yi, ban musa ko ɗaya ba.

Kada ku ɗauka babanku ya gode mini. Da ya dawo hayyacinsa aka ba shi labari, ya shigo ɗaki idonsa jawur ya ce, "Kin mai da ni abin kallo. Da ciwo kawai gare ni, yanzu na zama wanda matarsa ke tare wa faɗa." Ya daina yi mini magana, ni ma na ƙi ba shi haƙuri, muka zauna a ɗaki ɗaya kowa ya ɗaure fuska. Yaya Alhaji ya aiko da hukunci ta bakin Inna, ko in zo zaure in durƙusa in nemi gafara in kuma yarda da tsarin kwano yadda yake, ko Garba ya sallame ni. Na ce wa Inna durƙuso ba ya yi mini wuya, na durƙusa wa Yaya sau nawa ina gaishe shi, kuma a kan wainar da aka zubar zan nemi gafara ko yanzu. Amma in buɗe baki in ce na yarda mijina abin ƙyama ne, wannan sai dai a sake ni. Mahaifina ma ya aiko daga Badarawa cewa in bi a hankali. Na ce a gaya wa Baba na ji.

Abin da 'yan Kurmin Mashi ba sa faɗa muku shi ne abin da ya biyo baya. Wata magariba babanku ya karɓi kwanonsa daga hannuna da kansa, bai ce mini komai ba. Na bi shi na laɓe a inda na saba. Ya wuce tabarmarsa, ya je ya zauna a tsohon gurbinsa tsakanin ƙannensa, ya ajiye kwanon a tsakiya ya buɗe, ya ce bismillah. Ina hango su ta tsagar ƙofa. Ƙaramin ƙanensa ya ɗaga hannu kamar zai sa, ya dubi Yaya Alhaji, ya mayar da hannun cinyarsa. Babu wanda ya yi masa tsawa, babu kuma wanda ya ci. Ya jira har tuwon ya daina tururi. Sannan ya rufe kwanon, ya miƙe, ya yi musu sai da safe. Ya same ni a bayan ƙofa, bai ko tambayi me nake yi a wurin ba.

"Rabi, haɗa kaya."

Ba ni na ja shi ba, da ƙafarsa ya fita. Amma ba zan ɓuya a bayansa ba, da bai ce ba ma ni da na ce.

Katabu muka koma, can bayan gari, a lokacin ba kamar yanzu ba ce da gidaje suka haɗe. Wani kawuna ne ya ba mu aron ɗaki biyu da bai ƙarasa ginawa ba, ba wuta, ba ƙyaure sai buhu, ruwa sai an yi tafiya. Ku manyan kuna iya tunawa da yadda muke tara kwanuka in ana ruwan sama. Abin da muka rasa ba kaɗan ba ne, kuma ba zan rage masa nauyi ba don in gyara labarina. Kun taso ba ku san 'yan'uwanku ba sai a biki ko makoki. Inna ba ta taɓa taka Katabu ba har ta rasu. Babanku yakan je gaishe ta, ya zauna a bakin ƙofarta, ya dawo ba a ba shi ko ruwa ba, ba don ba ta so ba, sai don ba ta san a wane kofi za ta ba shi ba. Ni kuwa ko gaisuwata ba ta ƙara amsawa ba, kuma ina son matar nan, ita ta yi mini wankan jego na fari. Sau da yawa nakan ga babanku da yamma a bakin titi yana bin motocin da ke shiga Kaduna da kallo. Na san abin da yake tunawa.

A gida dai tun daren farko na ajiye tire ɗaya a tsakar ɗaki, ni da shi da ku, abin da ba a saba gani ba, maigida yana ci da mata da yara. Ya ɗan yi jim, sannan ya sa hannu. Amma na san wannan bai isa ba. Namiji yana son ya zauna cikin maza 'yan'uwansa, ni ba zan iya zama masa zaure ba. Ya samu wuri a bakin hanyar Zariya, wata rumfa a gindin mangwaro inda wani tsoho Bazazzagi yake facin taya, kowa Baba Mai Faci yake ce masa, da wani mai walda da makanikai biyu. Ranar da zai fara fita ya ce mini zai gaya musu ciwonsa tun kafin ya ajiye akwatin kayan aikinsa. Ku ji abin mamaki, ni mai bakin nan, ni ce na tsorata. Na ce ya bari su saba tukuna. Ya ce a'a, ya gaji da jiran ranar da za a gane. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce ya gaya musu yana da shokin a kai, ya nuna musu yadda za su yi in ya faɗi. Na ce me suka ce? Ya ce Baba ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kuma tambaye shi ko ya iya gyaran rediyo. Kullum da safe nakan ɗaure masa abincin rana a ɗan kwano ya tafi da shi, ya dawo da shi a wanke. A raina na ɗauka yana shiga wata matacciyar mota ne ya ci shi kaɗai, kuma ban tambaya ba don ina tsoron amsar.

Wata rana da azahar ina wanki, sai ga wata mai tallar nono da ke zama kusa da rumfarsu ta shigo tana haki, ta ce maigidana ya faɗi. Wannan karon na ɗauki mayafi, amma a hannu na riƙe shi. Ina gudu ina shirya maganganun da zan gaya musu. Na riga na ga komai a idona, sun watse, an bar shi cikin baƙin mai, wani ya nemo sifana zai cusa masa a baki. Na rantse a raina yau sai na yi wa mutanen nan wankin babban bargo, in ya so mu sake haɗa kaya mu yi gaba.

Da na iso na tarar da shi kwance ta gefe a kan kwali, an kawar da ƙarafa daga kusa da shi. Kansa yana kan cinyar Baba Mai Faci, tsohon yana goge masa baki da gefen rigarsa yana yi masa fifita da hula. Jijjigar ta riga ta lafa. Sauran ukun suna zaune a ƙasa sun kewaye wani babban kwano da aka rufe da faranti, aka ɗora dutse a kai saboda ƙuda. Kowannensu ya ɗaga hannun dama sama, miya tana bushewa a yatsunsa. A gefe ga ƙananan kwanuka an kife, har da nawa. Ashe juye abincin suke yi wuri ɗaya. Na tsaya da bakina cike da faɗa, na rasa wanda zan yi wa.

"Kwantar da hankalinki, 'yata," in ji Baba. "Yanzu zai dawo. Ai ya gaya mana."

Babanku ya buɗe ido, ya daɗe yana kallon ganyen mangwaro kafin ya gane inda yake. Baba ya tallafe shi ya zauna, ya ba shi ruwa a butarsa ya kurkure baki. Na ga yana satar kallonsu, yana jiran abin da ya saba gani. Sai mai waldar ya ɗauke dutsen ya buɗe kwanon.

"Oga Garba, don Allah matso mana, tun ɗazu muke jiranka, tuwon nan duk ya sandare."

Ya matsa. Gefensa yana nan yadda ya bar shi, da shatar yatsunsa. Ya sa hannu, su ma suka sa. Babu wanda ya ƙara bi ta kaina. Na yafa mayafina na juya, ina tafe ina kuka a bakin titi kamar yarinya, masu mota suna kallona, ko a jikina.

Da yamma ya dawo ya ajiye ɗan kwanon a gabana, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Rabi, gobe ki nemi wanda ya fi wannan girma. Mu biyar ne. Kuma Baba ya ce a gaya miki miyar ta yi, amma ki daina rowar yaji."